Saƙon da Ya Ƙi Ƙarewa: Yadda Ɓera da Ƙuda Suka Tona Asirin Kansar Hanji

A shekarar 1980 wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna Roel Nusse ya isa San Faransisko don yin aiki a ɗakin gwaje-gwajen Harold Varmus na Jami'ar Kalifoniya. Abin da ya kai shi ɓeraye ne masu ƙari a mama. Tun 1936 John Bittner ya nuna cewa akwai wani abu da uwar ɓera ke shayar da 'ya'yanta a cikin nono, wanda ke jawo musu kansar mama idan sun girma, daga baya aka gano bairos ne. Sai dai bairos ɗin yana da abin ɗaure kai. Wasu danginsa masu haddasa kansa a kaji suna shigowa ne da makaminsu a hannu, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon da ke haukata jiki nan take. Shi wannan hannu rabbana yake zuwa, kuma sai an yi watanni kafin ƙari ya fito.

Kafin a ci gaba, gara a raba kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ƙwayar halitta ita ce ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi, mai rai, mai ci, mai rabuwa gida biyu. Ƙwayar gado kuwa umarni ce a rubuce cikin DNA da ke tsakiyar kowace ƙwayar halitta, kuma galibi umarnin na haɗa wani furotin ne guda.

Dabarar Nusse da Varmus mai sauƙin faɗi ce. Irin wannan bairos yana cusa DNA ɗinsa cikin na ɓera a duk inda ya faɗa, ba zaɓi. To idan aka tara ƙari daga ɓeraye daban-daban aka tarar bairos ya sauka wuri guda a cikinsu, ba a banza ba ne, akwai wani abu a maƙwabtan wurin da saukarsa ta tayar daga barci. Haka kuwa aka yi. A 1982 suka wallafa cewa a mafi yawan ƙarin da suka bincika, bairos ya sauka kusa da wata ƙwayar gado guda da ba wanda ya san ta, ya kunna ta a mama inda ya kamata ta yi shiru. Suka raɗa mata suna int-1.

Suna kawai suka sani. Jerin harufanta bai yi kama da na komai ba, furotin ɗin da take haɗawa kuma ya ƙi kamuwa. Da aka duba lafiyayyen ɓera baligi, kusan ko'ina a kashe take. Inda aka gan ta a kunne sosai shi ne jikin ɗan tayi, wajen da ƙwaƙwalwa da laka ke tsirowa. Wannan ya isa ishara, amma amsar ta fito ne daga wani ɓangaren da masu binciken kansa na wancan zamani ba su cika leƙawa ba.

A Haidelbag ta Jamus, a ƙarshen shekarun 1970, Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus sun shafe watanni zaune suna fuskantar juna a kan madubin hangen ƙananan halittu guda mai wurin leƙawa biyu. Abin da suke kallo matattun tsutsotsin ɗan ƙaramin ƙudan nan ne mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Sun shayar da ƙudaje sinadarin da ke ɓata ƙwayoyin gado, suna neman waɗanda ƙwansu ke fitar da tsutsa mai karkatacciyar sura. Lafiyayyar tsutsa gaɓa-gaɓa take, a cikin kowace gaɓa akwai layin 'yan ƙayoyi sannan fili sumul, layi da fili, layi da fili, har wutsiya. A wasu tsutsotsin sai suka ga filin ya ɓace, cikin ya cika da ƙaya tsaf. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke jawo haka suka kira ta hedgehog, wato bushiya. Wata kuma ta riga ta sami suna, wingless, marar fiffike, domin wani masani a Indiya, R. P. Sharma, ya ga ƙuda ba fiffike saboda rauninta tun farkon shekarun 1970. Sun wallafa aikinsu a 1980, ya kuma kai su ga kyautar Nobel a 1995 tare da Edward Lewis.

A 1987, bayan Nusse ya koma Amstadam, ɗakin gwajinsa ya nemo takwarar int-1 a jikin ƙuda. Da aka duba matsayinta, sai ga shi ita ce wingless. Ƙwayar gadon da ke sa wa ɓera ƙari a mama ita ce ke tsara gaɓoɓin tsutsar ƙuda. Daga baya aka haɗa sunayen biyu aka sami Wnt, kuma yanzu an san mutum yana da irinta guda 19. A ganina wannan ganowa ta fi ta 1982 nauyi, domin ita ce ta sauya tambayar. Da ana tambayar wace ɓarna ce wannan abu ke yi. Yanzu sai aka koma tambayar wane aikin kirki yake yi a asali, kuma me ya sa aikin ya zama ɓarna.

Aikin nasa saƙo ne. Jikin mutum ya faro daga ƙwayar halitta ɗaya tak ya kai kimanin tiriliyan 30, kuma kusan duk masu DNA a cikinsu iri ɗaya suke ɗauke da shi. Wadda ke cikin ido da wadda ke cikin hanta littafi guda gare su, shafin da kowace ke karantawa ne ya bambanta. Wa ke gaya mata shafin? Ba ta da idon da za ta ga inda take a jiki. Maƙwabtanta ne ke gaya mata, ta hanyar furotin da suke fitarwa, ya ratsa ɗan tazara, ya manne a jikin wani furotin da ke bangonta wanda ke aikin kunne. Daga yawan abin da ya iso da lokacin da ya iso take gane ko ta rabu biyu, ko ta zama tsoka, ko ta ƙaura, ko ma ta mutu.

An san akwai irin wannan magana tun kafin a san harshenta. A Furaibog ta Jamus, Hilde Mangold, ɗalibar Hans Spemann, ta yanko ɗan mitsitsin nama daga bayan ɗan tayin wata halitta dangin kwaɗo mai wutsiya, ta dasa a gefen cikin wani ɗan tayin. Ta yi amfani da jinsi biyu, ɗaya fari ɗaya mai duhu, don a gane asalin kowane nama. Sai ga jiki na biyu ya tsiro manne da na farko, har da laka, kuma mafi yawansa daga naman mai masaukin ne. Baƙon naman umarni ya bayar, 'yan gida suka yi ginin. An buga sakamakon a 1924, shekarar da Hilde ta rasu sakamakon ƙuna tana da shekara 25, Spemann kuma ya karɓi Nobel a 1935. Sai bayan shekara 65 da buga sakamakon, a 1989, Andrew McMahon da Randall Moon suka yi wa ƙwan kwaɗo allurar umarnin int-1 na ɓera, suka sami talibambam mai kai biyu. Abin da aka ciro daga ƙarin mama ya maimaita aikin Hilde Mangold.

Yadda saƙon Wnt ke aiki a cikin ƙwayar halitta ya saɓa wa hankalin farko, kuma wanda bai fahimci nan ba ba zai gane alaƙarsa da kansa ba. Mutum zai zaci idan saƙo ya iso sai ƙwayar ta tashi ta haɗa ɗan aiken da zai kai labari cibiyarta, inda DNA yake. Akasin haka ne. Kullum tana cikin haɗa ɗan aiken, wani furotin mai suna beta-catenin, kuma kullum tana cikin hallaka shi. Akwai wata ƙungiyar furotin, manyan cikinta su ne APC da Axin, wadda aikinta kama shi, ta yi masa lamba, a jefa shi injin niƙa. A haɗa, a niƙe, a haɗa, a niƙe, ba dare ba rana. Idan Wnt ya iso ya manne a kunnen da ake kira Frizzled, abin da yake yi shi ne riƙe hannun maniƙan. Nan da nan beta-catenin ya taru, ya kutsa cibiya, ya haɗu da wani furotin mai suna TCF da ke zaune a kan DNA, su buɗe shafukan da ke cewa a rabu, a ci gaba da zama sabo, kada a tsufa tukuna. Da Wnt ya janye, niƙa ta dawo, maganar ta mutu.

Kamar ɓarnar ƙarfi, ko? Amma a yi tunanin famfo a buɗe kan kwano mai huji. Ruwa ba ya taruwa sai an toshe hujin, kuma da an cire yatsa kwanon ya tsiyaye. Tsari ne mai saurin amsawa, mai saurin yin shiru. Rauninsa ɗaya ne: idan hujin ya toshe da kansa, kwano zai yi ta ambaliya ko ba wanda ya sa yatsa.

Nan zaren ya haɗu da na likitoci. Akwai wata cutar gado da ke sa babban hanjin matashi ya cika da ɗaruruwan tsiro, wani lokaci dubbai, kuma idan ba a cire hanjin ba kusan tabbas ne ɗaya zai rikiɗe kansa wajen shekara 40. A 1991 rukunonin masu bincike, ciki har da na Bert Vogelstein da Kenneth Kinzler a Jami'ar Johns Hopkins, da na Ray White a Yuta, da na Yusuke Nakamura a Japan, suka gano ƙwayar gadon da ke da laifi. Ita ce APC. A 1993 aka ga furotin ɗinta yana riƙe beta-catenin. Kuma ba masu cutar gado kaɗai abin ya shafa ba, kusan kashi 80 cikin 100 na kansar babban hanji, wadda ta kama mutum kusan miliyan 1.9 a duniya a 2020, APC ce ta lalace a cikinta. A wasu daga cikin ragowar, beta-catenin ne kansa ya sauya ta yadda lambar niƙa ba ta kama shi.

Me ya sa hanji musamman? Amsar ta fito daga Hans Clevers a Yutirek ta Holan, wanda ya faro a matsayin masanin garkuwar jiki, ya gano TCF a 1991 yana binciken ƙwayoyin jini, ba da niyyar hanji ba. Idan aka sa bangon hanji a ƙarƙashin madubi za a ga miliyoyin ƙananan ramuka kamar rijiyoyi. A can gindin kowace rijiya akwai 'yan ƙwayoyin tushe, su ne iyaye, kuma a nan Wnt ya fi yawa. Suna rabuwa kusan kullum. 'Ya'yan da suka haifa sai na baya su riƙa turo su sama, suna nisantar gindi, saƙon yana raguwa a kunnensu, har su daina rabuwa su kama sana'a, wasu tsotsar abinci, wasu fitar da majina mai santsi. Cikin kwana huɗu zuwa biyar sun kai ƙarshen tafiya, sun mutu, sun zube. Bangon hanjin da mutum ke da shi yau ba shi ne na makon jiya ba. A 1998 ɗakin gwajin Clevers ya cire wa ɓeraye ɗaya daga cikin dangin TCF, sai aka haife su ba ƙwayoyin tushe a ƙaramin hanji, ba su kuma rayu ba.

To a ɗauki ƙwayar tushe guda da ta rasa APC, kwafin uwa da na uba duka. Ita da zuriyarta duk inda suka je ji suke kamar har yanzu suna gindin rijiya. An turo su sama, Wnt ya ƙare a kewayensu, amma a cikinsu beta-catenin na nan cunkushe a cibiya yana cewa a rabu. Ba su tsufa, ba su zube, sai su taru su zama tsiro. Tsiron nan ba kansa ba ne tukuna. Sai wasu kurakuran sun biyo baya, galibi a wasu ƙwayoyin gado biyu, KRAS da p53, kuma hakan kan ɗauki shekara goma ko fiye. Wannan jinkiri ne ya sa leƙa hanji da na'ura ke ceton rai, domin likita na iya tsinke tsiron tun bai zama komai ba.

Akwai wani abin ban dariya a nan. Wnt ɗin da Nusse ya gano a matsayin mai haddasa kansa a ɓera, da wuya a tarar shi kansa ya lalace a kansar mutum. Ɓarnar tana can ciki, bayan kunne. Ƙwayar ba ta buƙatar kowa ya yi mata magana, ita kaɗai take jin murya. Wannan ya sa toshe bakin mai aiko saƙon bai cika amfani a irin wannan kansa ba, kuma yana cikin dalilan da har yau, bayan shekara 40 da ɗoriya, kansar hanji ba ta da maganin da ke kashe wannan hanya kai tsaye.

Ɗan'uwan Wnt, wato bushiya, ya fi shi sa'a ta fuskar magani, kuma tumaki ne suka share hanya. A shekarun 1950 makiyaya a jihar Aidaho ta Amurka suka riƙa samun 'ya'yan tumaki masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Masana daga ma'aikatar noma ta ƙasar sun fi shekara goma suna bin sawu kafin su tabbatar da cewa wata ciyawar tsaunuka ce, Veratrum californicum, kuma sai tunkiya ta ci ta a kwana na 14 da ɗaukar ciki abin ke faruwa. Uwar lafiyarta ƙalau. A 1968 aka ware sinadarin aka kira shi cyclopamine, aka ajiye, ba wanda ya san yadda yake aiki.

Ana nan, masu binciken halitta suka gano dangin hedgehog guda uku a dabbobi masu ƙashin baya. Mafi shahara aka sa masa Sonic a ɗakin gwajin Cliff Tabin na Harvard a 1993, sunan wata bushiya ta wasan kwamfuta, sunan da likitoci ba su cika jin daɗin faɗa wa iyayen yaro marar lafiya ba. Shi ke gaya wa yatsu wanne ne babba wanne ne ƙarami, shi ke raba filin ido guda na ɗan tayi ya zama biyu. A 1996 ɗakin gwajin Philip Beachy ya cire shi a ɓera, sai ga ɗan tayi mai ido ɗaya. Beachy ya tuna da tumakin Aidaho, ya kuma nuna a 1998 cewa cyclopamine hanyar hedgehog yake toshewa. A shekarar 1996 ɗin dai aka gano cewa masu cutar gadon Gorlin, waɗanda kansar fata ke fito musu barkatai, kunnen hedgehog ne mai suna Patched ya lalace musu. Tsarin ya yi kama da na Wnt: Patched birki ne da ke danne wani furotin mai suna Smoothened, hedgehog kuma ɗaga birkin yake yi. In birki ya karye, Smoothened sai ya yi ta gudu. Shi kuwa cyclopamine Smoothened yake kamawa.

Wato gubar da ke hana ɗan tunkiya ido biyu ta nuna daidai inda za a soki kansar fata mafi yawa a duniya. A watan Janairun 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da vismodegib, maganin da aka ƙera don ya kama wuri guda da cyclopamine, ga masu irin wannan kansa da ta wuce aikin tiyata. Yana aiki, ƙari na motsewa a jikin mutane da dama. Gargaɗi mafi girma a kwalinsa kuwa shi ne kada mai ciki ta kusance shi, kuma wanda ya san labarin tumakin ba ya buƙatar a faɗa masa dalili.

A nan ne nake rabuwa da masu ba da wannan labari kamar an gama yaƙi. Hasashen da aka yi a farkon shekarun 2000 shi ne, tunda waɗannan saƙonni na ɗan tayi ne, baligi ba ya buƙatarsu sosai, don haka za a iya kashe su a kashe kansa ba tare da an taɓa lafiyayyen jiki ba. Jiki ya ƙaryata hasashen. Masu shan vismodegib gashinsu na zuba, ɗanɗano na gushewa daga harshensu, tsoka na ɗaurewa, har wasu su ajiye maganin, domin tushen gashi da 'yan ƙwayoyin ɗanɗano har gobe da hedgehog suke sabuntawa. Yaran da aka ba irinsa saboda wata kansar ƙwaƙwalwa, wasunsu bakin ƙashinsu ya rufe da wuri, tsayinsu ya tsaya. Magungunan gwaji masu hana fitar da Wnt kuma ƙashi suke raunanawa har ya karye, saboda ƙashi da Wnt yake ginuwa. Hujjar hakan ma ta zo ta ɗaya gefen: romosozumab, maganin zaizayar ƙashi da aka amince da shi a 2019, aikinsa cire wa Wnt takunkumi ne a cikin ƙashi. Ginin jiki ba ya ƙarewa ranar haihuwa, raguwa kawai yake yi ya koma gyara.

Sai kuma matsala ta biyu, wadda ta fi zurfi. Saƙon ba shi da ma'ana guda, mai saurare ne ke ba shi ma'ana. Kansar wata gaɓar ciki da ake kira fankiriyas tana fitar da hedgehog da yawa, shi kuma yana sa naman da ke kewaye da ƙarin ya yi kauri. Aka ce to a toshe shi, kaurin ya ragu, magani ya sami hanyar shiga. Da aka gwada a mutane sai aka dakatar da gwajin a 2012, domin waɗanda aka ba maganin sun fi saurin taɓarɓarewa. Bincike a ɓeraye ya nuna daga baya cewa naman nan da aka ɗauka garkuwar ƙarin ce, ashe har da shinge yake yi masa. Haka ma wata hanyar saƙo ta uku, Notch, wadda sunanta ya samo asali daga ƙuda mai tsaguwa a gefen fiffike. A 2004 aka gano tana kunne fiye da kima a sama da rabin wani nau'in kansar jini na yara. A fata kuwa ita ce ke cewa a daina rabuwa. Shi ya sa lokacin da aka gwada wani maganin cutar mantuwa ta tsufa wanda ya toshe Notch ba da niyya ba, aka ga kansar fata ta ƙaru, aka tsayar da gwajin a 2010. Kalma guda, a jini tana nufin a ci gaba, a fata tana nufin a tsaya.

Duk da haka akwai wani gwaji da nake ganin ya kamata a riƙe a rai. A 2015 ɗakin gwajin Scott Lowe a Niyok ya ƙera ɓerayen da za a iya kashe musu APC a kuma sake kunna ta. Aka kashe, ƙari ya fito a hanji, har da masu ɗauke da kurakuran KRAS da p53. Da aka mayar da APC, cikin kusan mako biyu ƙarin ya baje. Ba guba aka ba ƙwayoyin ba. Sun dai koma jin shiru, suka kama sana'a, suka hau sama, suka zube kamar kowa, rijiyoyin suka dawo daidai. Ba a san hanyar mayar wa mutum APC ba tukuna, kuma ɓera ba mutum ba ne. Amma gwajin ya nuna cewa ƙwayar kansa, duk da tarin ɓarnar da ke cikinta, ba ta manta hanyar gida ba.

Shi Nusse, wanda ya koma Jami'ar Stanford a 1990, bai sami riƙe furotin ɗin Wnt mai aiki a kwalba ba sai 2003, shekara 21 bayan gano ƙwayar gadonsa. Dalilin wahalar ya zama darasi: ashe akwai ɗan kitse manne a jikin furotin ɗin, shi ya sa ba ya narkewa a ruwa, yake manne wa komai. Kitsen nan ne kuma ke hana shi yin nisa a jiki, ya sa maganarsa ta zama raɗa tsakanin maƙwabta, iyakarta gindin rijiya.

Da aka san muryar, sai aka iya kwaikwayonta. A 2007 Nick Barker a ɗakin gwajin Clevers ya gano alamar da ake gane ƙwayoyin tushen hanji da ita, wani furotin mai suna Lgr5 wanda Wnt ke kunnawa. A 2009 Toshiro Sato ya ɗauki ƙwaya guda ɗaya cikinsu ya sa a ɗigon wani abu mai kama da daskararren kitse, ya zuba mata 'yan furotin ɗin da take ji a gindin rijiya. Cikin kwanaki ta zama ɗan ƙullutu mai rami a tsakiya, ya fara fitar da 'yan rijiyoyi a gefe, da masu tsotsar abinci da masu fitar da majina, kowa a mazauninsa. Ɗan ƙaramin hanji ne a faranti, ba jini ba jijiya, kuma ana iya rainonsa fiye da shekara. Yanzu ana yin irinsa daga naman marar lafiya, a gwada magani a kansa kafin a ba mai shi.

A cikin irin wannan faranti ne ake ganin maganar duka da ido. Idan mai bincike ya haɗa naman hanji lafiyayye da wanda ya rasa APC yana son ya raba su, ba ya buƙatar wuƙa ko rini. Sai kawai ya daina zuba Wnt da abokin aikinsa a ruwan rainon. Bayan 'yan kwanaki lafiyayyun sun yanƙwane sun mutu, domin ba wanda ke ce musu su ci gaba. Waɗanda suka rage suna kumbura, zagaye sumul kamar ƙwallo, su ne masu jin muryar da ba kowa ke yi ba.